Asalin Daba da Dariyar da Ake Yi Mata a Fim

Samarinmu sun ƙallafa rai ga fina-finan ban dariya na 'yan daba, irin su Snatch da Guy Ritchie ya fitar a Ingila a 2000, inda gungun ɓarayin Landan ke farautar juna a kan dutsen lu'ulu'u guda. Ana kallo ana ƙyaƙyatawa, alhali Bahaushe ya ɗanɗani ɗacin wannan wasa tun da daɗewa.

A Kano, daba asalinta matattarar mafarauta ce da 'yan tauri, kowace unguwa da tata, da shugaban da ake jin maganarsa. Bayan kafa NEPU a 1950, da ta ja dāga da NPC, sai jam'iyyu suka ɗebi waɗannan ƙarti domin tsaron shugabanni da taruka. A nan aka sami 'yan banga. Da juyin mulkin 1966 ya rushe jam'iyyun, makamai ba su bar hannun samari ba, gaba ta koma tsakanin unguwa da unguwa.

Wanda aka sara a fim yakan tashi ya karɓi kuɗin aikinsa. A unguwa kuwa makara ake ɗaukowa. Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya.