Hukuncin Neman Digiri na Biyu da na Uku a Fannin Shari'a

Tambaya: Na gama digirin farko a fannin shari'a, ina son in ci gaba zuwa digirin bincike. Shin ya halatta, alhali cikin karatun akwai dokokin da mutane suka tsara? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Na farko: ka sani, Allah Ya yi maka albarka, malamai irin su Shaikh Ibn Baz sun bambanta tsakanin mai karanta dokokin mutane don ya san su, ya gwada su da Shari'a, ya amfana da abin da bai saɓa mata ba, da mai karanta su yana fifita su a kan hukuncin Allah. Na farkon babu laifi a kansa. Idan kuwa al'umma na bukatar masana da za su kare haƙƙinta a kotu, karatun na iya shiga farillar da in wasu suka yi ta, ta sauka daga kan sauran. To, ka gyara niyyarka tun daga farko.

Na biyu: digirin bincike daban yake da horon Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ke shirya ka tsayawa gaban alƙali. A nan tambaya ɗaya za ka ɗauka, ka bi ta har ƙarshe, ka rubuta kundi, sannan ka kare shi gaban malamai, ciki har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Digiri na uku galibi ba ya kasa shekara 3. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen Shari'ar Musulunci a tsangayarsu ta shari'a.

Na uku: ka taƙaita maudu'inka. "Shari'a a Najeriya" ya fi ƙarfin kundi ɗaya. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Daga shekarar 2000 kuma, Zamfara da wasu jihohin Arewa sun kafa dokokin laifuka na Shari'a. Cikin waɗannan akwai tambayoyin da mutane ke fama da su kullum. Misali: mazhabar Malikiyya ta yarda a yi hul'i da abin da ya fi sadaki, to yaya alƙalan jiha ɗaya suke yi idan miji ya tsawwala don ya hana matar fita? Wanda ya tattara hukunce-hukuncen kotuna a kan wannan, ya gwada su da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, ya taimaki alƙalai da matan da shari'arsu ta daɗe a kotu.

Na huɗu: ka tanadi kayan aiki. Sai da Larabcin da za ka karanta littattafan fiƙihu da kanka, da usulul fiƙhi, da sanin hanyoyin bincike. Mai dogaro da fassara kaɗai yakan jingina wa Imam Malik abin da bai faɗa ba. Kafin ka nemi gurbi, ka karanta rubuce-rubucen malamin da kake son ya duba aikinka, ka kuma lissafa kuɗin makaranta da ciyar da iyali, domin haƙƙinsu bai sauka daga kanka don karatu ba.

Na biyar: ilimi amana ne. Kada ka kwashe rubutun wani ka ce naka ne, kada ka biya a rubuta maka kundi. Duka biyun ha'inci ne, kuma shaidar da aka samu ta wannan hanya ƙarya ce da za ka ci abinci da ita. Ka kuma tuna digiri na uku bai mayar da kai mufti ba. Ka ci gaba da zama gaban malamai.

Allah ne Mafi sani.