Makaɗan Da Muka Gani Da Idonmu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Yaran yanzu suna jin muryar manyan makaɗanmu a faifai, amma mu da Allah ya nufa muka zauna gabansu, mun san abin da faifai ba ya iya ɗauka.

A zamanin da, makaɗi iri iri ne. Akwai na fada, wanda ba ya rabuwa da ubangidansa, kamar Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Shi da kotso ake yi masa kiɗa, mutanensa na jere, ya ja baiti su karɓe, har mutum ya rasa inda muryarsa ta ƙare tasu ta soma. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ya rasu cikin 1991.

Akwai kuma makaɗin jama'a, watau irin Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin 1923. Na gan shi wajen wani biki bayan furfura ta kama shi. Da masu kalangu suka ɗaura, sai ya tsaya shiru yana duban taro, sa'an nan ya buɗe baki. Wani baƙo ya shigo ya yi kyauta, aka raɗa masa sunansa da garinsu, nan take ya saka shi cikin waƙa, 'yan amshi suka karɓa sai ka ce sun shekara suna koyonta. Ba takarda, ba alƙalami. Wannan baiti kuwa ban sake jinsa ko'ina ba, ya tafi tare da daren nan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988. Ya rasu a Kano cikin 1999, aka kai shi Daura aka rufe.

Na uku shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ba ya bukatar 'yan amshi. Daga shi sai kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya ja kunnen ma'aurata, mutane na dariya alhali kuwa da su yake. Ya rasu cikin 2015.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Faifai ya adana murya, amma bai adana dalilin waƙa ba: wa aka yi wa, a wane gari, wa ake yi wa zambo a fakaice. Waɗanda suka san wannan, watau tsofaffin 'yan amshi da makaɗa da maroƙa, kullum raguwa suke yi. Duk wanda ke da irin wannan dattijo a garinsu, ya daure ya je da takarda ya tambaye shi tun yana da rai, gama in bango ya faɗi ba a jingina da shi.

Allah ya ji ƙansu, ya sa mu cika da imani, amin.