Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Tanadi da Rububin Sayen Abinci

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2020 ba zai manta da yadda kalmar kulle ta sake ma'ana ba. A da in an ce kulle, zaman matan aure a gida ake nufi, sai ga shi annobar korona ta zo ta sa garuruwa sukutum, maza da mata, cikin kulle. Likitoci da 'yan jarida sun yi bayani mai yawa a kan cutar. Mu abin da za mu duba shi ne abin da ya auku a kasuwa, wato rububin sayen abinci da kayan masarufi da aka yi a jajibirin kullen. Tambayarmu ita ce, yaya aka yi jama'ar da kakanninsu suka gwanance wajen ajiye abincin shekara guda har biyu, suka wayi gari suna turereniya a kan abincin mako ɗaya?

Bari mu fara tuna wa mai karatu yadda abin ya gudana. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da shigowar cutar Nijeriya, a jikin wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka Legas. Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar rufe Legas da Ogun da Abuja na kwana 14. A Kano, kullen ya soma aiki da daren 16 ga Afrilu, aka bai wa mutane kamar kwana biyu su shirya. Cikin waɗannan kwanaki kasuwannin Singa da Dawanau da 'Yankaba da Sabon Gari suka cika maƙil, mai mota yana loda buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da jarkokin mai, mai ƙaramin ƙarfi yana kutsawa da 'yar ledarsa. Cunkoson da aka kafa dokar domin hana shi, shi ne abu na farko da dokar ta haifar. Ba mu kaɗai ba ne kuwa, don a Ingila da Amurka da Ostireliya an kwashe kantuna ƙarƙaf a watan Maris, har takardar shiga bayi ta zama abin faɗa.

A Jihar Sakkwato ba a yi irin kullen Kano ba, wanda ya hana mutum fita ƙofar gidansa. Amma a ƙarshen Maris gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe iyakokin jihar, daga 4 ga Mayu kuma Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ga mutanen Sanyinna da Tambuwal da Kebbe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu a kan iyaka muke zaune. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 da Jihar Zamfara a 1996, kasuwannin da muka gāji ci, irin su Jega da Aliero da Gummi, suka zama na wata jiha a takarda, alhali a wajen mai jaki da mai kura nan ne dai kasuwarsa. An ce motocin abinci su wuce, amma shingaye sun yawaita, kowane shinge kuma da abin da yake ci, a ƙarshe mai sayen mudu ne ke biya. Ga iyakar Illela, wadda aka rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disambar 2020.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne lokacin da ya zo. Afrilu tsakiyar bazara ce, hatsin kaka ya fara ja baya, ruwa bai sauka ba. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, lokacin da ko babu annoba sukari da gero da mai sukan tashi. Sannan samarin da suka tafi cin rani Legas da Ibadan da Abuja, masu acaba da dako da sayar da ruwa, aikinsu ya tsaya cik, aiken da sukan yi wa gida ya yanke. Saboda haka rububin da aka yi a ƙasarmu kashi biyu ne. Mai albashi da ɗan kasuwa sun yi gudun sayen buhu, talaka kuwa ya tsaya yana kallon mudu yana tsere masa.

To yaya mutanen da suke yi? Tsarin gidan manomi a ƙasar Hausa an gina shi ne a kan zaton cewa wata rana abinci zai yanke. Da kaka ake ɗaure gero da dawa da maiwa dami-dami, a zuba a rumbun kara ko a rufewar ƙasa. Hatsin da aka bari a zangarniyarsa cikin rufewa mai kyau yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Maigida yakan rufe rumbun gandu bayan girbi, ba a taɓa shi sai damina, lokacin da kowa ke gona kuma hatsi ya fi tsada. Tsakanin nan ana cin abin gayauna da na sana'ar hannu da na fadama. Cin rani ma wata dabarar tanadi ce, kamar yadda sunan ya nuna, saurayi ya je ya ci nasa a wani gari don a rage wa rumbu baki. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙirga fiye da mutum 250,000 da suka fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato domin wannan. Bayan rumbun gida kuma akwai zakkar hatsi, wadda a zamanin Daular Usmaniyya ake tarawa a hannun masu gari da hakimai, a buɗe in an shiga matsi. Gari irin Tambuwal, wanda ribaɗi ne a ƙarƙashin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya san cewa ganuwa ba ta tsare garin da rumbunsa ya ƙare.

Ba muna cewa mutanen da ba su san yunwa ba. Sun san ta, har suka raɗa wa kowacce suna. Abin da muke nunawa shi ne, sayayyar da suke yi mai yawa da kaka suke yin ta, cikin natsuwa, lokacin da abinci ke araha.

Wannan tsari ya fara tsagewa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Sannu a hankali aka haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗe aka mai da su haraji, kuma aka ce da tsabar kuɗi za a biya. Lokacin karɓar haraji kuwa da kaka ne, don haka dole manomi ya fitar da hatsinsa ranar da ya fi arha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, gonakin hatsi da dama suka koma na gyaɗa da auduga. Da ruwa ya ƙi a 1913, sai yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta tarar da rumbuna ba ƙarfi, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa daga Kano har Damagaram da Maraɗi. Bayan shekara huɗu, a Satumbar 1918, murar nan da tsofaffi ke kira marisuwa ta shigo ta tashar jirgin ruwan Legas, ta bi hanyar dogo ta hau Arewa, masana tarihi kuma suna ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Ita da kaka ta iske mu, kuma yawancin gidaje daga rumbunsu suke ci, shi ya sa abin da ta fi taɓawa shi ne hannun da zai yi girbi. An sake shiga yunwa a 1927 da 1942, sunayen da aka ba su kuwa suna da ma'ana. Ta farko 'Yar Buhu, ta biyu 'Yar Gusau. Dukansu sunaye ne na nema da saye, alamar cewa mafita ta fara tashi daga rumbu tana komawa kasuwa. A Nijar ma, bayan yunwar 1931, sai da Faransawa suka tilasta wa ƙauyuka ajiye rumbun tsimi, wato suka dawo da doka a kan abin da harajinsu ya taimaka wajen rushewa.

Rububi irin na zamani kuwa, wanda ake yi a gaban kanti, ɗan shekarun man fetur ne. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ya cinye amfanin gona da dabbobi, sai ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 haɗe da ariyas. Kuɗi suka yi yawa, kaya suka yi kaɗan, farashi ya yi sama. A wannan zamani ne shinkafar waje da fulawa da madarar gwangwani da sabulun kamfani suka samu gindin zama a gidajenmu, abubuwan da babu rumbun da ke haifar da su. Da kuɗin mai suka ja baya a farkon shekarun 1980, kayan suka ɓace. Waɗanda suka ga 1984 suna tune da dogayen layukan karɓar madara da sukari da sabulu a ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, da yadda sojoji ke fasa sito-sito suna sayar da kaya a farashin gwamnati. Kwana kaɗan ake jin daɗin wannan, daga nan 'yan kasuwa su daina sarowa, kayan su koma bayan fage da tsada ninki. A Afrilun shekarar aka canza kuɗi aka rufe iyaka, ga fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban da ya rufe iyakar.

Idan muka jera waɗannan shekaru za mu ga abu guda yana maimaituwa. Sau da yawa abinci yana nan a ƙasa, farashinsa ne ke fin ƙarfin talaka. Yadda abin ke aiki kuwa ba boyayye ba ne. Kasuwar mako tana kawo abin da aka saba saye ne a mako. In mutum goma masu hali suka ji tsoro, kowa ya sayi na wata uku a rana ɗaya, sai rumfa ta yi fayau. Mai awo ya ga haka ya ƙara kuɗi, dillali ya ga farashi na hawa ya rufe sitonsa yana jiran gobe, wanda bai tsorata ba da fari ya ga rumfa babu kaya shi ma ya tsorata. Jita-jitar yankewar abinci ita ke haifar da yankewar. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kimanin kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2020 zuwa kusan kashi 20 a Disamba, bayan ambaliyar da ta cinye shinkafar Kabi ta ƙara nata. Mai albashin naira 30,000 ya ji jiki, balle bazawarar da ke awon rabin mudu kullum da kuɗin ƙuli-ƙuli.

A nan ya kamata mu bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Tanadi daban, ɓoyo daban. Tanadi shi ne abin da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar da shi, a ajiye a shekarun yalwa, a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a fitar a shekarun fari. Ɓoyo kuwa, wanda malamai ke kira ihtikari kuma shari'a ta hana, shi ne a kwashe abinci lokacin da jama'a ke tsananin bukata, a tsare shi sai ya yi tsada. Mai tanadi yana saye ranar da sayensa ke taimakon manomi, mai ɓoyo da mai rububi suna saye ranar da sayensu ke cutar maƙwabci.

Hukuma ma tana da nata kason. A Afrilun 2020 an ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan Gwamnatin Tarayya, wanda in aka raba shi ga al'ummar da ta kai miliyan 200, kowa ba zai tashi da ko rabin mudu ba. A Oktoba kuma, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, wata shida bayan lokacin da aka fi bukatarsu. Duk bayanin da aka yi daga baya, abin da talaka ya ɗauka shi ne babu wanda zai ajiye masa. Mutumin da ya yi imani da haka kuwa, ranar da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin kulle sai ya ruga kasuwa, kuma da wuya a ga laifinsa.

Mu a ƙasar Sanyinna da Kebbe muna da abin da mutumin Legas ba shi da shi, wato gona da fadama da sanin gina rufewa. Amma har gobe muna sayar da gero da kaka don biki da bashin taki, mu dawo mu saye shi da damina a ninki. Matsalar 'yan bindiga ta shekarun nan ta sa wasu suna ganin tara hatsi a ƙauye kasada ne, su gwammace su mai da shi kuɗi, kuɗin kuma hauhawar farashi ta cinye. Duk da haka akwai abin yi. Unguwa ko masallaci ko ƙungiyar manoma za su iya haɗa rumbun tsimi a cikin gari, a zuba da kaka, a buɗe a watan Yuli da Agusta a farashi mai sauƙi. Ma'aikata, har da mu malaman makaranta, za su iya yin adashin hatsi a Nuwamba maimakon rige-rigen Afrilu. Zakkar hatsi kuma a fitar da ita a kan ƙa'ida, a san inda ta shiga.

An ɗage dokar hana zirga-zirga ranar 1 ga Yuli, 2020, kasuwanni suka koma yadda suke. Amma fari da ambaliya da annoba ba su yi wa kowa alkawarin sun tafi ke nan ba, magabata kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu ikon tanadi da tausayin na ƙasa da mu, amin.