Lambar Reshe a Ƙa'idar NPTv6: Dokar da Ta Zo da Dalilinta

A watan Yuni na 2011 hukumar IETF ta wallafa takarda mai lamba RFC 6296, wadda Margaret Wasserman da Fred Baker suka rubuta, a matsayin gwaji. Ta bayyana NPTv6, wato yadda na'urar bakin iyaka za ta sauya kan adireshin IPv6 na cikin gida da wanda kamfanin intanet ya bayar, ba tare da ta riƙe bayanin kowace hulɗa ba. Cikinta akwai doka ɗaya da ta cancanci nazari: duk wanda kan adireshinsa na waje /48 ne, kada ya ba wani reshen hanyar sadarwarsa lamba 0xFFFF in yana so a fassara shi.

Dalilin a lissafi yake. Fakitin TCP da UDP suna ɗauke da jimillar tantancewa, kuma adireshi yana cikin abin da ake tarawa. Da an sauya kan adireshi kawai, da jimillar ta ɓaci. Sai aka yi dabara: a lissafa bambancin da ke tsakanin kan ciki da na waje, a zuba shi cikin bit 48 zuwa 63, wato gurbin lambar reshe, jimilla ta tsaya yadda take. To amma a irin wannan lissafin sifili yana da fuska biyu, 0x0000 da 0xFFFF. In aka bar su duka, rassa biyu za su faɗa kan lamba ɗaya a waje, a rasa wanda za a mayar wa amsa. Shi ya sa aka sadaukar da ɗaya, rassa 65,535 suka rage cikin 65,536.

Masana sun taɓa ganin haramci mai kama da wannan. RFC 950 ta 1985 ta hana lambar reshen IPv4 ta zama sifili zalla ko ɗaya zalla, don gudun ruɗani. Na'urori suka ci gaba, RFC 1878 ta 1995 ta ce wannan ya zama tsohon yayi, amma an daɗe ana koyar da shi a azuzuwa kamar farilla. Wancan haramci ya rataya ne a kan gazawar na'urorin zamaninsa. Na 2011 kuwa ba zai tsufa ba muddin ana tara jimillar ta wannan hanya, kuma takardar ta kyauta da ta kawo hujjarta a rataye.

Inda nake ganin bayani ya fi bukatar fitowa fili shi ne adireshin da kansa ya fi /48 tsawo, kamar /56 da ake yawan ba gidaje da ƙananan ofisoshi. A nan ba a taɓa lambar reshe. Gyaran yana komawa cikin lambar na'urar, a gurbi na farko mai bit 16 da bai zama 0xFFFF ba. Ke nan a /48 reshe ne ke sauya suna a waje, a /56 kuma na'ura ce. Injiniyan da ya rubuta dokokin katangar tsaro ko bayanan DNS yana zaton kan adireshi kaɗai ke canzawa, zai tarar dokokinsa suna nuni ga adireshin da babu kowa a kai.