Gardamar Shehu Magili da Imam Suyuɗi a kan Ilmin Manɗiƙi

Duk wanda ya taɓa zama a dandali ko a gindin bishiya ran kasuwa, a Gwarzo ko a Kabo, ya san ba a raba mutanenmu da gardama, ko dai a kan iyakar gona, ko rabon gado, ko kuwa siyasa. Sau da yawa wanda ya fi iya baki shi ke tashi da rinjaye, mai gaskiya ya koma gida yana cizon yatsa. To, shin akwai wani ma'auni da za a rarrabe hujja da zaƙin baki? Akwai shi, sunansa manɗiƙi, watau ilmin tsara tunani yadda sakamako zai fito daidai daga abin da aka gabatar. Wasu ɗalibai na zaton boko ne ya kawo mana shi, alhali kuwa wani babban mai kare shi ya zauna a Kano shekara 400 kafin zuwan Turawa.

Wannan malami shi ne Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yanzu. Ya iso Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya ziyarci Katsina, sa'an nan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu, ya rasu a Tuwat wajen 1504. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. Daga cikin waɗanda suka tono mana tarihinsa akwai ɗan ƙasar Gwarzo, Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a 1972 a kan rayuwar Magili da koyarwarsa, ya kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Kano.

Abokin gardamar Magili shi ne Imam Jalaluddini Suyuɗi na Alƙahira, wanda aka haifa a 1445, ya rasu a 1505. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tafsirin Jalalaini da ake karantawa da azumi shi ya kammala shi. Suyuɗi ya ɗan taɓa karatun manɗiƙi yana saurayi, daga baya ya ƙyamace shi, har ya yi rubuce-rubuce yana haramta shi. A wannan ya bi sawun Ibn Salah, wanda ya rasu a 1245. Dalilinsu shi ne, ilmin daga Yunanawa ya fito, musamman Arisɗo. Imam Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, yana ganin malami bai wadatu da barinsa ba.

Da labarin haramcin ya kai wa Magili, sai ya aika wa Suyuɗi da 'yan baitoci, shi ma Suyuɗi ya mayar da amsa cikin waƙa. Ahmad Baba na Tambutu ya adana mana wannan musaya a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya. Hujjar Magili ta tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko, manɗiƙi ba aƙida ba ne, siffa ce da kowace hujja ingantacciya ke ɗauka, ko mai ita ya san sunan ilmin ko bai sani ba. Ta biyu, ingancin magana ba ya rataya ga asalin wanda ya faɗe ta. Ya kuma ƙalubalanci Suyuɗi ya nuna ɓarnar daga cikin ilmin kansa. Suyuɗi ya amsa cikin ladabi, ya kafa hujja da hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Umar game da wata takarda ta Attaura, ya ce koyi da waɗanda ba Musulmi ba abin gudu ne.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. In aka warware amsar Suyuɗi za a same ta hawa uku: duk ilmin da aka ɗauko daga waɗanda ba Musulmi ba an hana shi, manɗiƙi daga gare su aka ɗauko shi, saboda haka an hana shi. Wannan kuwa shi ne ainihin ƙiyasin da ake koyarwa a manɗiƙi, muƙaddima biyu da sakamako. Ashe dai maganar Magili ta farko ta tabbata a bakin abokin gardamarsa. Abin da ya rage shi ne a duba muƙaddimar farko, ko kalmar nan "duk" ta zauna daidai. In ta zauna, to, ina za mu kai ilmin likitanci da na lissafi? A ganina, nan amsar Imam ta yi rauni, ba tare da an rage masa daraja ba.

Bayan rasuwarsu da kamar shekara 30, wajen 1535, Abdurrahman al-Ahdari, wanda almajirai suka sani da littafin Ahalari, ya tsara waƙar manɗiƙi mai suna Sullam. Ya ɗauki matsakaicin ra'ayi, cewa ya halatta ga mai kaifin hankali wanda ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Masu wannan fanni sun kasa hujjar hankali kashi biyar. Akwai burhani, wanda aka gina a kan tabbas. Da jidali, wanda ake kama mutum da abin da ya riga ya yarda da shi. Da haɗaba, wadda ke dogara ga zato mai ƙarfi da kwarjinin mai magana. Da shi'iri, mai motsa zuciya. Sai safsaɗa, watau ƙarya a rigar gaskiya. Alal misali, wani ya ce, "Duk ɓarawon dawa da dare yake fita, Tanko ya fita da dare, ke nan shi ya saci dawar." Kunne zai karɓa, amma ma'auni ba zai karɓa ba, gama mai gadi da ungozoma su ma da dare suke fita.

Sai dai fa tarihin Magili yana da wani darasi mai ɗaci. Kafin zuwansa Kano ya yi fatawar a rushe wurin ibadar Yahudawan Tamanɗiɗ a Tuwat, alƙalin wurin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Aka tura tambaya ga malaman Fas da Tunis da Tilimsan, wasu suka goyi bayan wannan, wasu suka goyi bayan wancan. Daga ƙarshe aka rushe ginin, aka yi asarar rayuka. Dukansu sun iya jera hujja. Inda suka rabu shi ne muƙaddima, watau ko Yahudawan sun warware alkawarin amana ko ba su warware ba. Manɗiƙi tamkar dutsen niƙa yake, abin da ka zuba masa shi zai niƙa maka.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun ji mai wa'azi ko ɗan siyasa ko malaminmu a aji, mu tambayi kanmu abu biyu: shin sakamakon ya fito daga abin da aka gabatar, kuma abin da aka gabatar ɗin gaskiya ne? Iya baki ba laifi ba ne, gaskiya ma tana bukatar mai isar da ita. Laifin shi ne mu bar shi ya maye gurbin hujja. Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon binta, amin.