Asibitin Aro: Yadda Ƙauyuka Huɗu Suka Karɓi Jinyar Masu Taɓin Hankali

A zamanin mulkin Turawa, idan mutum ya samu taɓin hankali a Nijeriya, abin da hukuma ta fi damuwa da shi shi ne inda za a kulle shi. An buɗe gidan tsare irin waɗannan marasa lafiya a Kalaba a 1904, aka buɗe na Yaba a Legas a 1907, sannan dokar 1916 ta ba alƙalai da likitocin gwamnati ikon tura mutum can. Magani kusan babu, likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai a tona. A Arewa, wanda ya gagari danginsa yakan ƙare a turu, ko a wani ɓangare na gidan yarin En'e tare da ɓarayi da masu kisan kai. Haka abin yake har yaƙin duniya na biyu ya zo da tasa matsalar.

Dubban 'yan Nijeriya, cikinsu har da Hausawa masu yawa, sun yi yaƙin Bama a ƙarƙashin tutar Ingila. Wasu sun dawo da raunin jiki, wasu kuma da raunin da ido ba ya gani: firgita, rashin barci, sambatu, kaɗuwa da ƙarar komai. Gidan Yaba ya riga ya cika. Sai a 1944 aka mayar da wani tsohon gidan yari a unguwar Lantoro ta Abeokuta wurin ajiye su. Wannan shi ne tushen asibitin Aro. Bayan 'yan shekaru gwamnati ta samu wani makeken fili a Aro, a bakin hanyar Legas, ta fara gina asibitin zamani, amma aikin ya yi ta jan ƙafa.

Ana cikin wannan ginin ne Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida a 1954. Haifaffen Abeokuta ne, an haife shi a 1923, ya yi karatun likita a Jami'ar Bamingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya samu wannan horo. Aka damƙa masa asibitin da ɗakunan kwanciyarsa ba su kammala ba, ma'aikata 'yan ƙalilan, marasa lafiya kuma suna ta zuwa daga nesa. Da wani likitan ne, da sai ya zauna jiran 'yan kwangila. Lambo ya nufi ƙauyukan da ke kewaye da filin.

Ƙauyuka huɗu ne: Aro, Olomore, Idi-Ori da Ope-Oluwa. Ya zauna da masu gari da dattawa, ya roƙi su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Duk wanda ya san yadda mutane ke gudun mai taɓin hankali ya san wannan ba ƙaramar buƙata ba ce. Magidanci ne ake cewa ya kwana a gida ɗaya, da matansa da 'ya'yansa, da baƙon da danginsa ma suka rasa yadda za su yi da shi. Lambo bai tsaya ga lallashi kawai ba. Masu gida za su karɓi kuɗin haya. Asibiti ya ba su rance su ƙara ɗakuna, ya kawo ruwan famfo da masai, ya taimaka wajen yaƙi da sauro, ya kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyen aiki. Aka riƙa zaman shawara a kai a kai tsakanin dattawa da ma'aikatan asibiti, domin duk wani ƙorafi ya fito fili tun bai zama rigima ba. A ƙarshen 1954 tsarin ya fara aiki.

Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne ba a karɓar majiyyaci shi kaɗai. Dole ya zo da ɗan uwa, galibi uwa ko inna ko 'yar uwa, wadda za ta dafa masa abincin da ya saba ci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe, ta dawo da shi da yamma. A asibitin ana ba shi abin da likitancin wancan lokaci ya mallaka: sababbin ƙwayoyin kwantar da ƙwaƙwalwa da suka fito a farkon shekarun 1950, da jinyar lantarki, da zaman tattaunawa, da koyon sana'ar hannu. Da yamma kuma ya koma ƙauye, ya ji kukan awaki da sallamar maƙwabta, ya je kasuwa, wanda ya fara samun sauƙi ma ya bi mai gidansa gona. Ma'aikatan jinya suna kwana a kusa saboda abin da ka iya tasowa cikin dare. Ƙauyukan sun kai suna ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Wannan sharaɗi na ɗan uwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Shiga kowane asibiti a Kano ko Zindar, za ka ga masu jinya a baranda da tabarmi da kwanuka da buta, ma'aikata kuma sau da yawa suna kallonsu a matsayin cunkoso. Hikimar Lambo ita ce ya ga magani a cikin wannan cunkoson. Uwar da ta zauna watanni a Aro ta ga da idonta yadda ɗanta ya daina sambatu, ta koyi lokutan shan magani, ta gane alamun da ke nuna ciwon zai tashi. Ran da aka sallame su, ba baƙo aka mayar wa dangi ba, kuma akwai wadda za ta tsaya masa idan 'yan gari suka fara nuna shi da baki. A ganina nan ne gyaran gaskiya yake, domin wanda aka kulle shekara goma, ko ciwon ya tafi, ya riga ya manta yadda ake zama da mutane.

Abin da ya fi jawo wa Lambo surutu shi ne haɗa kai da masu maganin gargajiya na Yarbawa. Ya san kusan duk wanda ya zo wurinsa ya riga ya biya ta wurinsu, kuma zai koma. Maimakon ya yi gaba da su, ya zaɓi wasu ya jawo su jiki, suna zama da marasa lafiya, suna fassara musu damuwarsu da harshen da suka yarda da shi, shi kuma yana riƙe da ɓangaren magani. Takwarorinsa da dama sun ga kamar ya zubar da girman likitanci. Shi kuwa yana da wani faɗan da ya fi wannan: a 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa littafin J. C. Carothers, wanda ya siffanta ƙwaƙwalwar baƙar fata a matsayin mai rauni tun asali. Lambo ya yi wa irin wannan ra'ayi raddi a rubuce, da hujjojin da ya tattara daga marasa lafiyarsa.

Daga nan sunan Aro ya fita duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abeokuta. Binciken haɗin gwiwa da Jami'ar Cornell ta Amurka, tare da Alexander Leighton, ya fito a littafi a 1963, ya kuma nuna cewa damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa suna nan a ƙauyukan Yarbawa kamar yadda suke a ƙauyukan Kanada. A wannan shekarar Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a matsayin farfesa, ya shugabance ta daga 1968 zuwa 1971, sannan ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya kai mataimakin babban darakta, ya riƙe muƙamin har 1988. Tolani Asuni ne ya ci gaba da jan ragamar asibitin bayan Lambo ya koma Ibadan. A 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Aro cibiyar haɗin gwiwarta ta bincike da horo, a 1983 kuma aka buɗe sashen jinyar masu shaye-shaye. Makarantar asibitin ta ma'aikatan jinya ta yaye mutanen da suka yi aiki a sassan ƙasar nan da dama.

Tsarin ƙauyen yana da iyakarsa, kuma masu suka sun faɗe ta. Wanda ciwonsa ya kai ga duka ko barazana ga rai ba a kai shi gidan mutane, don haka waɗanda suka zauna a ƙauye tun farko masu sauƙin sha'ani ne, abin da ya sa kwatanta sakamakon jinyar ƙauye da ta cikin asibiti ke da wuya. Wanda ba shi da ɗan uwan da zai bar gona ko kasuwa ya zauna da shi, shi ma tsarin bai ɗauke shi ba. Sannan birni ya yi nasa aikin: Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, ɗakin haya ya yi daraja, zaman gandu ya ragu. Asibitin ya girma da gine-gine da gadaje, ya zama na Gwamnatin Tarayya da Lantoro a matsayin reshensa, amma jinyar cikin ƙauye ta yi ta ja da baya. Lambo ya rasu a 2004.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ƙasar da ta koya wa duniya wannan darasi ta yi jinkirin aiki da shi a gida. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, amma sun yi wa mutumin karkara nisa da tsada, shi ya sa gidajen mari ba su rasa masu kawo 'ya'yansu ba. A 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Dokar 1958, wadda ta gaji ta 1916, ita ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar ta kare haƙƙin majiyyaci, ta kuma nemi a kai kulawar cikin al'umma da ƙananan asibitoci. Sauran aikin yana wuyan gwamnatocin jihohi: su horar da ma'aikatan asibitocin karkara, su kai musu magani, su kuma zauna da masu unguwanni da malamai kamar yadda Lambo ya zauna da dattawan Aro.