Ƙarin sinadarin ƙarfe ta jijiya: me ke cikin kwalbar?

Ƙarin sinadarin ƙarfe ta jijiya magani ne da ake yi wa mai ƙarancin jini idan ƙwayoyin sha ba su yi masa aiki ba, ko cikinsa ya ƙi karɓarsu, ko kuma lokaci ya ƙure, kamar mai juna biyu da ta fara awo a wata na bakwai aka tarar jininta ya yi ƙasa. Ruwa ne mai launin baƙin shayi, ana zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa. Wasu suna ɗauka jini ne. Ba jini ba ne, kayan da ɓargo ke haɗa jini da shi ne, saboda haka sai bayan mako ɗaya zuwa biyu ake fara ganin jinin ya ɗaga.

Yadda ake haɗa shi

Ƙarfe tsurarsa guba ne idan ya shiga jijiya. Abin da ruwan jinin mutum ke ɗauke da shi a lokaci guda bai wuce miligiram 3 zuwa 4 ba, alhali majinyaci yakan buƙaci miligiram 1,000 ko fiye. Dabarar ita ce a dunƙule ƙarfen ya zama mitsi-mitsin ƙwayoyi na wani ma'adini ɗan'uwan tsatsa, sannan a lulluɓe kowace ƙwaya da rigar sukari, kamar gyaɗar da aka turbuɗa cikin alewa. A wasu nau'ukan rigar sukari ne na yau da kullum, a wasu kuma dogayen sarƙoƙi ne dangin sitaci, waɗanda masana ke kira polima.

Da nanomita ake auna girmansu. Nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya. Ƙwayar jini ja tana da faɗin kusan nanomita 7,000, waɗannan kuwa yawancinsu ba su kai 50 ba.

A masana'anta ana narkar da gishirin ƙarfe cikin ruwa, a riƙa ɗiga masa wani sinadari dangin kanwa a hankali ana motsawa. Nan ƙwayoyin ke fara fitowa suna girma. Sukarin da aka zuba yana manne musu a jiki, ya tsayar da girman, ya kuma hana su cuɗewa da juna. Duk macen da ta taɓa talge ta san cewa saurin zuba gari da ƙarfin wuta da yadda hannu ke juya muciya su ke sa tuwo ya yi sumul ko ya yi gudaji. Haka yake a nan: zafi, da tsamin ruwan, da saurin ɗigawa, da yawan sukari bisa ƙarfe, kowanne idan ya ɗan sauya, girman ƙwayoyin ya sauya. Bayan an tace, ana haska su da hasken leza a tabbatar girmansu ya zo kusan ɗaya.

Me ya sa girman ya dame mu?

Bayan an ɗura maganin, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hanta da saifa da ɓargo ne ke haɗiye shi, su tuɓe rigar, su ajiye ƙarfen, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ƙaramar ƙwaya mai sakakkiyar riga takan zubar da wani ɓangare na ƙarfenta tun tana cikin jijiya, sai a ga jiri, tashin zuciya ko faɗuwar bugun jini. Shi ya sa ayon sukuros, wanda aka fi sani da Venofer, ba a cika wuce miligiram 200 a zama ɗaya ba, sai majinyaci ya yi ta komowa har sau biyar. Ferik kaboksimaltos, wato Ferinject, ƙwayarsa ta fi girma, rigarsa ta fi kamawa, ana iya ba da har miligiram 1,000 cikin minti 15, gwargwadon nauyin mutum.

Ita ma rigar tana da nata hatsarin. Imferon, wanda ya fito a 1954 da rigar dekistiran mai dogayen sarƙoƙi, ya jawo wa wasu mummunan borin jini har da mutuwa, daga baya aka janye shi. Tsoron da wasu tsofaffin ma'aikatan lafiya ke yi wa allurar ƙarfe daga nan ya samo asali. Nau'ukan yanzu sun fi shi aminci nesa ba kusa ba.

Wani abin lura: kamfanoni biyu za su iya rubuta suna ɗaya da miligiram ɗaya a kwali, amma ƙwayoyin ciki su bambanta, tunda hanyar haɗawa ce ke tsara su. Kada a sayi kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ko wadda aka ga gudaji ya kwanta a gindinta.

Wa ya kamata a yi wa?

An gwada wannan a gida Najeriya. Binciken IVON, ƙarƙashin Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas, ya haɗa masu ciki sama da 1,000 a asibitocin Legas da Kano, aka fitar da sakamakonsa a 2024. Yawan masu ƙarancin jini gab da haihuwa bai bambanta sosai ba tsakanin waɗanda aka yi wa ƙarin da masu shan ƙwaya, amma ƙarancin ƙarfe a jiki ya fi raguwa a masu ƙarin. Wato ƙwayar sha mai araha tana nan da amfaninta ga wadda ta fara awo da wuri kuma take sha kullum.

A ganina, inda ƙarin zama ɗaya ya fi amfani shi ne wuri irin ƙasar Birnin Gwari. Matar da ke zaune a ƙauyukan gefen dajin Kamuku, ko wajen Kuyello da Dogon Dawa, zuwa asibiti sau biyar ba ƙaramin abu ba ne gare ta, ga kuɗin mota, ga shekarun da aka kwashe ana fargabar hanya, ga Kaduna da nisan fiye da kilomita 100. Sai dai nau'in zama ɗayan ya fi tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba, don haka a tambayi likita tun ranar awon farko.

Kafin a yi da bayan an yi

Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. A fara gwada zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Mai sikila kada a yi masa sai gwaji ya nuna ƙarfensa ya yi ƙasa, domin da yawansu ƙarfen ma yawa ya yi musu. Ba a yin sa a watanni uku na farkon ciki, ko ana cikin zazzaɓi mai zafi. Wadda ke zubar da jini bayan haihuwa, ko take haki tana zaune, jini take buƙata.

Ba a kemis ake yi ba, ba kuma a gida ba. Da ruwan gishiri na asibiti kaɗai ake sirka shi, kuma idan aka cika masa ruwa rigar takan saki. Za a riƙe majinyaci aƙalla minti 30 bayan an gama. Idan an ji ƙirji ya matse, ko fuska ta kumbura, ko wajen allurar yana raɗaɗi, a faɗa nan take, domin idan ruwan ya zuba ƙarƙashin fata yakan bar tabo mai daɗewa. Ferinject kan rage sinadarin fosfet a jini, don haka gajiya ko ciwon ƙashi da ya ƙi wucewa abin komawa asibiti ne. Kada a ci gaba da shan ƙwayar ƙarfe sai bayan aƙalla kwana 5, a kuma sake gwajin jini bayan kamar mako 4.